Ranar da na haɗe wa da ƙani a layi ɗaya

Duk wanda ya yi SIWES ya san logbuk ba ya faɗin gaskiya duka. Nawa ma haka yake. In ka buɗe shafin mako na bakwai za ka ga na rubuta da Turanci mai tsafta cewa na shigar da bayanan abokan ciniki cikin manhaja ta hanyar rubuta shirin kwamfuta. Mai kula da ni ya sa hannu, aka buga hatimi, malaminmu da ya zo dubawa ya gyaɗa kai har da cewa haka ake so. Abin da ban rubuta ba shi ne aikin wannan makon ya kusa raba wani yaro da hanyar cin abincinsa, ya kuma tona asirin wani magidanci a gaban yayansa. Tunda na ga 'yan ND I sun fara zarya da takardar neman wuri, gara in faɗa tun yanzu.

Wata huɗu na yi a wani kamfanin dillancin kayan masarufi a Kano, ba nisa da kasuwar Singa. Taliya, sukari, man girki, sabulu, madara, duk katan-katan. Masu saye 'yan kasuwa ne daga Gusau, Funtuwa, Haɗeja, Azare, har da na Maraɗi da Damagaram. Ofis ɗin ɗaki biyu ne a saman sito, mutum uku ke riƙe da shi: Alhaji mai kamfanin, sakatariya, sai wani dattijo da kowa ke kira Baba Akawu, wanda ya fara rubuta wa Alhaji lissafi tun ba a haife ni ba. Baba yana da wani ƙaton littafi mai jan bango da ba ya barin kowa ya taɓa. Ranar da na zo ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "To, Injiniya ya iso." Sunan nan bai sake ni ba har na gama.

Kwamfutar ofis tana ɗauke da Outlook 2010, a cikinsa kuma akwai wani ƙari da Microsoft ta yi wa ƙananan 'yan kasuwa, mai suna Business Contact Manager. Ɗan Alhaji ne ya saka shi shekarun baya kafin ya tafi karatu, ba a kuma more shi ba sai wajen musayar imel da kamfanonin Legas. Na san wasu 'yan ajinmu za su yi dariya. Microsoft ta daina kula da Office 2010 tun watan Oktoba na 2020, shi kuwa wancan ƙarin ko a Outlook 2016 ba ya aiki. Amma ku shiga kasuwa ku gani. Abin da bai lalace ba, ba mai taɓa shi, kuma irin waɗannan tsofaffin manhajojin su za ku tarar a teburin mutane.

Manhajar ta raba bayanai gida biyu. Akwai abin da take kira Account, wanda ba asusun banki ba ne, katin shago ne ko na kamfani: suna, adireshi, lambar waya, imel. Akwai kuma Business Contact, wato katin mutum, kamar mai shagon, ko yaronsa, ko direban da ke zuwa ɗaukar kaya. Ana rataya mutane a ƙarƙashin shagonsu, ta yadda in ka buɗe katin shago za ka ga mutanensa da saƙonnin da aka yi da su. A ido kamar wata folda ce kawai a cikin Outlook, amma bayanan suna zaune ne a rumbun SQL Server.

Alhaji yana so duk abokan cinikinsa su shiga ciki. Sakatariya ta ba ni fayil ɗin Excel mai layi dubu ɗaya da ɗari da 'yan kai, wanda hannaye daban-daban suka yi shekaru suna ƙara masa, ta ce in riƙa buɗe sabon kati ina kwafa ɗaya bayan ɗaya. Na yi goma, na dubi agogo. Kowane kati yana cin minti uku. Minti 3 sau 1,100 awa 55 ke nan, ban da ɗauke wuta, ban da aiken sayo kati da ruwan leda. Ni kuwa ga ɗan Visual Basic ɗin da na koya a ɗakin kwamfuta yana min ƙaiƙayi a yatsu.

Shirin kansa ba wani abin a zo a gani ba ne. Ka danna Alt da F11 a Excel, tagar VBA ta buɗe. Daga nan ka kira Outlook, ka nemo foldar Accounts da ke ƙarƙashin Business Contact Manager. Sai ka sa shirin ya bi layukan Excel ɗaya bayan ɗaya. A kowane layi ya ce Items.Add, ya ba shi nau'in IPM.Contact.BCM.Account, wato ya gaya wa Outlook katin shago ake so, ba na mutum ba. Ya zuba sunan a FullName da FileAs, ya zuba waya da adireshi, ya ce Save. In kana son rataya mutum a ƙarƙashin shago, dole ka fara adana shagon, domin sai an adana kati Outlook ke ba shi lambarsa ta ciki mai suna EntryID, ita ce kuma za ka rubuta a katin mutumin, a gurbin Parent Entity EntryID. Wannan kaɗai ya ci min yini guda kafin in gano. Na kuma buɗe wani gurbi na zuba ragowar bashin kowane shago, tunda akwai shi a fayil ɗin. Duka-duka shirin bai kai layi arba'in ba.

Na gwada da layi biyar, suka shiga tsaf. Wallahi ranar ko ƙasa ban ji ina takawa ba.

Lambobin waya ne suka fara ba ni kunya. Excel yana ɗaukar lambar waya a matsayin adadi, shi kuwa adadi ba ya farawa da sifili, don haka 0803 ta koma 803. Na ce abu mai sauƙi, na sa shirin ya liƙa sifili a gaban duk lambar da ba ta da shi. Baba Akawu yana wucewa ta bayana da buta ya leƙa allo, ya ce, "Injiniya, wannan mutumin Maraɗi ne. Lambar Nijar ba ta da sifili a gaba." Tamu lamba goma sha ɗaya ce, tasu takwas, da 227 a gaba in daga nan za ka kira. Na gyara: sai wadda ta rage goma cif za a ƙara wa sifili. Da ina da hankali, a nan ya kamata in gane cewa tsohon nan yana ganin abin da ba na gani.

Ranar Juma'a na saki shirin a kan fayil ɗin duka. Ya kai wajen layi na ɗari shida aka ɗauke wuta, batirin da ke riƙe kwamfutar kuwa ya daɗe da mutuwa. Da aka ta da janareta, ana ta haramar masallaci, sai kawai na sake dannawa daga farko. Da muka dawo na tarar da shaguna ɗari shida sun zama tagwaye. In da hannu kake shigar da katin mutum a Outlook, yakan tsayar da kai ya ce akwai mai irin wannan sunan. Ta hanyar shiri ba ya tambayar komai. Ka ce ya ƙara, ya ƙara, ko sau ɗari ne. Manhajar tana da wurin yin kwafin ajiya kafin a taɓa komai, aikin minti biyu. Ban yi ba.

Ban gaya wa kowa ba. Daga nan ne komai ya lalace, ba daga ɗauke wutar ba.

Na fara da toshe ƙofa: kafin shirin ya ƙara kati, ya duba da Items.Find ko sunan yana nan. A nan na ci karo da wata sabuwar matsala. Shi Find yana son a kewaye sunan da ake nema da 'yar alamar nan ta waƙafin sama, ita ce kuma ke tsakiyar Sa'idu, Isma'il, Rabi'u, Mu'azu. Da shirin ya zo kan irin sunan, sai ya ɗauka sunan ya ƙare a "Sa", sauran kuma shirme ne, ya yi kuskure. Maganinsa a ninka alamar ta zama biyu. Amma ni a saman shirina na riga na rubuta On Error Resume Next, abin da ke nufin in an yi kuskure a yi shiru a wuce. Na kwafo shi ne don na gaji da ganin akwatin gargaɗi. Saboda haka duk wani Sa'idu da Rabi'u shirin ya yi shiru ya sake ƙirƙirarsa.

Da na zauna share tagwayen, sai na lura fayil ɗin tun asali cike yake da maimaici. Mutum ɗaya, an rubuta shi "Alh. Wane" a wannan layin, "Alhaji Wane" a wancan, "ALH WANE & SONS" a can ƙasa. Wani an rubuta Ɗan da lanƙwasa, wani Dan, wani a haɗe da sunan, wani a rabe. A wurin kwamfuta waɗannan mutane ne daban-daban. Sai wayo ya zo min. Na ce bari in jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, in share ɓarnata, in kuma tsaftace musu fayil, Alhaji ya ga aiki.

Na rubuta shiri na biyu mai aske sunaye. Ya mayar da haruffa duka ƙanana, ya cire Alh da Alhaji da Malam, ya cire "& Sons" da "and Sons" da "Nig. Ltd", ya miƙar da lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ. Ko wannan ya sha ni, don tagar VBA ba ta san haruffanmu ba, in ka liƙa ɗ sai ta koma alamar tambaya. Dole ka kira su da lamba: ChrW(409) shi ne ƙ, 599 ɗ, 595 ɓ. Bayan askin, duk katunan da sunansu ya zo iri ɗaya shirin ya haɗe su: ya riƙe lambar wayar katin farko, ya ɗauki bashin da ke katin ƙarshe, ya share sauran. A tunanina na ƙarshe shi ne sabo. Na yi wannan ranar Asabar da yamma, ni kaɗai a ofis. Katuna suka dawo ɗari takwas da saba'in, gwanin sha'awa.

Har gida na kwashi fayil ɗin a filasha ina gwaji a kwamfutar abokina, sunayen mutane da lambobinsu da basussukansu duka. Sai daga baya na san tun watan Yuni na 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a ƙasar nan, kuma ko babu doka, wannan ba abin yawo da shi ba ne a aljihu.

Ƙarshen wata sakatariya ta fitar da jerin masu bashi daga manhajar, ta tura musu saƙon tuni ta waya, yadda ta saba yi daga tsohon fayil.

Ranar Litinin da hantsi sai ga wani dattijo ya hawo bene da babbar riga, yana riƙe da hannun wani saurayi da bai wuce sa'ana ba. Daga Funtuwa suke. Aka ba shi kujera, bai zauna ba. Ya ajiye waya a teburin Alhaji.

"Alhaji, shekara nawa ina ɗaukar kaya a nan? Na taɓa kwana da kuɗinka?"

Alhaji ya ce ko sau ɗaya.

"To ga shi an turo min wai ana bi na miliyan biyu da dubu ɗari huɗu. Ni ban karɓa ba. In an karɓa da sunana, to wannan ne, don shi nake aikowa."

Idon yaron ya yi jawur. Ya rantse har muryarsa ta dushe. Ashe tun ranar Asabar aka karɓe masa makullin shago, magana kuma ta kai gidansu, an ce wa mahaifiyarsa ɗanta ya ci amana.

Baba Akawu ya karɓi wayar, ya matsar da ita nesa da fuska yadda tsofaffi ke yi, ya karanta adadin. Ko jan littafin bai buɗe ba. Ya ce, "Alhaji, wannan ba naka ba ne. Yaron nan bai ɗauki komai ba." Ya yi shiru, bai faɗi na wa ne ba. Amma baƙon ba yaro ba ne. Ya dubi sunan shagon da ke cikin saƙon, ya dubi Baba, ya ce a hankali, "Na ƙanena ne ke nan."

Wa da ƙani ne. Bayan rasuwar mahaifinsu suka raba dukiya, kowa ya buɗe nasa shagon a gari ɗaya, kowa kuma ya riƙe sunan tsohon. A fayil, na yayan yana ƙarewa da "& Sons", na ƙanin da "Nig. Ltd". Iyakar abin da ya bambanta su ke nan a rubuce, shi ne kuma abin da shirina ya aske. Ya ɗauki wayar yayan ya liƙa mata bashin ƙanin.

Alhaji ya tambayi wa ya tura saƙon. Sakatariya ta ce ita ce, amma daga jerin kwamfuta ta ɗauka. Na ga idonta ya fara kawo ruwa, sai na miƙe na ce, "Ranka ya daɗe, ni ne." Na fara bayanin maimaici da askin sunaye, bakina yana rawa. Alhaji ya ɗaga hannu.

"Kai ka san su ne?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"To da ba ka san su ba, wa ka tambaya?"

Bai ƙara ko kalma ba, kuma da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Ya juya ya ba baƙon haƙuri, ya sa aka mayar wa yaron makullinsa a gabansa, ya ba shi kuɗin mota. Na bi yaron har ƙasan bene na ce ya yafe min. Ya ce ba komai, amma bai kalle ni ba. Shi dai an wanke shi. Abin da ba ya wankuwa shi ne yanzu yaya ya san ƙaninsa yana cikin bashi, har da adadin, abin da mutumin ya ɓoye wa danginsa.

Na zaci za a sallame ni. Da La'asar sai Baba ya jawo kujera kusa da tawa, ya ɗora jan littafin a cinya, ya ce, "Injiniya, buɗo tsohon fayil ɗin. Karanto min, ni kuma in gaya maka ko su wane ne." Allah ya taimake ni ban taɓa ainihin fayil ɗin Excel ba.

Kwana tara muka yi, kullum daga La'asar zuwa Magariba. Ina karanta layi, yana ba ni tarihi. Waɗannan sunaye biyu da ko kama ba su yi ba, mutum ɗaya ne, shago biyu gare shi, aljihu ɗaya. Wannan ya rasu shekara uku da suka wuce, ɗansa ke ɗaukar kaya, amma ba a canza sunan ba don girmamawa. Wannan ba mai shago ba ne, dillali ne a nan Kano, kayan wani mutumin Damagaram yake karɓa. Waɗannan uku masu suna iri ɗaya ba su ma san juna ba. Duk lokacin da na rikice na ce to wannan kati ɗaya ne ko biyu, tambaya guda yake yi min: "In kuɗi bai zo ba, wa za a bi?" Wanda za a bi shi ne katin shago. Duk sauran, yaro ne ko direba ko dillali, katin mutum ne a ƙarƙashinsa. Cikin haɗe-haɗen da shirina ya yi, goma sha ɗaya kuskure ne. Ɗaya ne kawai ya fashe, don sauran ba a bin su komai a watan.

A rana ta biyu na lura duk sunan da na karanta sai Baba ya faɗi wata lamba a ƙasan maƙoshi kafin ya buɗe littafi. Na tambaye shi. Ya ce lambar shafi ce, kowane mai ɗaukar kaya yana da shafinsa, in ya cika a ci gaba a wani wuri amma lambar farkon ita ce tasa har abada, ko ya mutu ba a ba wani. Na yi tsuru-tsuru. Abin da muka haddace don jarrabawa a darasin rumbun bayanai, cewa kowane layi sai ya sami makullin da babu mai irinsa, ga shi tsoho yana yi da biro tun kafin a kawo kwamfuta ofis ɗin. Yayan yana shafi daban, ƙanin yana shafi daban, tun ranar da suka raba gado.

Na ƙara wa Excel ɗin gurbin lambar shafi. Na yi kwafin ajiya, na share duk katunan da na ƙirƙira, na sake rubuta shirin. Yanzu lambar shafin tana shiga gurbin CustomerID na kowane kati. Kafin ya ƙara komai, shirin yana karanto duk lambobin da ke ciki, in ya ga lamba tana nan sai ya tsallake, don haka ko sau goma aka ɗauke wuta a sake dannawa ba abin da zai ninku. Na cire On Error Resume Next, in ya yi tuntuɓe ya tsaya ya faɗi layin. Na sa masa zagayen gwaji wanda ba ya adana komai, sai dai ya rubuta a wani shafi abin da zai yi da an bar shi. Haɗe katuna kuwa na hana shi sam. In ya ga sunaye masu kama, ya jera su, in buga a takarda in kai wa Baba. Shirin ya kai layi ɗari da wani abu, kuma mafi yawansu na hana shi aiki ne.

Ranar da muka saki na ƙarshe, Baba ya ce in rufe ido in nuna kati goma. Na nuna, yana dubawa da littafi, yana cewa "haka ne" ɗaya bayan ɗaya. Na goma ya faɗo kan katin ƙanin nan na Funtuwa. Bashin ya koma sifili, don ya aiko da kuɗin duka kwana huɗu bayan abin ya faru, ba tare da ya kira kowa ba. Baba ya buɗe shafinsa ya daɗe yana kallo. Ƙasan layin biyan babu komai, kuma har na gama wata huɗuna motarsa ba ta sake tsayawa a ƙofar sito ba.

Ya rufe littafin, ya ce, "To Injiniya, kashe na'urar. An kira sallah."